Ranar da Na Cire wa Lawali Gishiri

Ɗakin Lawali a Montreuil shi ne masaukina na farko a Faransa. Har yau idan warin soyayyar albasa ya haɗu da na takalmin da aka wuni a cikinsa, can nake tunawa. Gidan irin na ma'aikata baƙi ne, hawa bisa hawa, yawancinsu mutanen Mali da Senegal. Lawali yana da gado, ni kuma katifa a ƙasa, wadda sai na jingine ta da bango da asuba kafin mu samu wurin yin salla.

Lawali ɗan kawuna ne, ubansa da Innata ciki ɗaya suka fito. Taubashina ke nan, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ya zage ka, ka yi dariya. Ya ɓoye maka takalmi ranar salla, ka yi dariya. Ya kira ka bawansa a gaban baƙi, ka yi dariya. Ranar da ka yi fushi kai za ka ji kunya, don cewa za a yi ba ka san wasa ba. A Dakwaro inda muka tashi abin bai taɓa damuna ba, don ina ramawa har da ƙari. A Paris kuwa mai ɗaki shi ke da baki.

Ya riga ni zuwa da shekaru, yana aikin gadi a wani kantin atamfa a Château Rouge. Mutum ne da ba ya iya ba da labari yadda ya faru. Ɗan sanda ya wuce ta ƙofar kanti da safe, kafin magariba labarin ya zama Lawali ne ya taya shi kama ɓarayi. Tun muna yara ake ce masa Gishiri a gida, saboda yadda yake ƙara wa zance gishiri, kuma da alama ruwan Faransa bai rage masa ko kaɗan ba.

Ni karatun kanikanci ya kawo ni. A shekarata ta ƙarshe dole in yi sitaj, wato aikin koyo a wata ma'aikata, kuma wani malamina ya samo mini wuri a inda ake gyaran jiragen ƙasa a bayan gari. Na yi murna, na je na samu Lawali a Château Rouge lokacin hutunsa na rana, yana cin shinkafa da miyar gyaɗa a wata 'yar rumfar abinci. Na gaya masa. Bai ɗago kai ba sai da ya sudi yatsunsa.

Ya ce, "Jirgin ƙasa? Haba bawana. Ka baro Dakwaro, ka ƙetare teku, don ka kwanta ƙarƙashin tarago kana shan baƙin mai? Laisse tomber, rabu da shi. Ni na samo maka wuri a Lyon. Jirgi na gaske."

Na ce, "Wane irin jirgi?"

Ya ɗaga hannu sama yana karkaɗa shi. "Wanda iska ka ɗauka. Hwari tas, da fiffike. Walla in ya tashi sai ka riƙe hularka."

Da da Faransanci muka yi maganar nan, da ban faɗa ramin ba, don su kowane jirgi da sunansa daban. Mu kuwa na sama jirgi, na ƙasa jirgi, na ruwa jirgi. Mutum ya ce maka iska, ya ce fiffike, ya nuna sama da hannu, me ya rage ka tambaya? Na koma na ba malamina haƙuri, na ce na samu wanda ya fi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to, akwai masu jira. A ranar kuma na kira Inna na ce mata ɗanta zai fara aikin jirgin sama. Na ji ta rangaɗa guɗa har salula tana ƙara. Daga baya na ji ta toya masa ta raba sadaka gida gida, matan unguwa suka sa mata suna Uwar Mai Jirgi.

A Lyon wani dattijo ya tarbe ni, Malam Isufu, mutumin Tasawa, direban bas ne da ke zaune da iyalinsa a Vaulx-en-Velin. Shi ne ya taɓa gaya wa Lawali cewa ana neman mai aikin hannu a wani wuri. Ya ba ni ɗakin ɗansa da ya tafi karatu, matarsa ta dama mini fura da nonon kwali, na sha har idona ya kawo ruwa don kewar gida. Da na tambaye shi wace bas ke zuwa filin jirgin sama, sai ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Hilin jirgi kuma? Mi za ka yi can?"

Na ce aikin mana. Ya ce mu bari sai da safe.

Da safe muka shiga bas, muka sauka, muka taka har gidaje suka ƙare itatuwa suka fara. Sai ga tafki. Ban taɓa tsayawa kusa da ruwa mai yawan wannan ba, mu da tafkinmu na Dakwaro kan ƙafe kafin a gama girbi. A bakin yashi an jera wasu abubuwa, kowanne siraran kwalekwale biyu ne na roba da aka haɗa da ƙarafa, aka shimfiɗa raga a tsakaninsu kamar gadon igiya, aka kafa doguwar sanda a kai da farin yadi yana kaɗawa. Malam Isufu ya nuna su da haɓa, bai dube ni ba.

Ya ce, "Ga jiragen. Katamaran sunansu. Ni ban san abin da Lawali ya hwaɗa maka ba, ɗana."

Fari ne tas. Iska ce ke ɗaukarsa. Yadin nan kuma, in ka so, ka kira shi fiffike.

Ba ni da wurin komawa, don na saki na Paris. Mai wurin, wata Bafaransa da rana ta gasa wa fata, Madam Odile, ta miƙo mini takalmin roba da buroshi da tiyo. Lawali ya riga ya roƙi Malam Isufu ya ɗauko masa bidiyona ranar farko, wai don tarihi, shi kuma bawan Allah ya ɗauka da zuciya ɗaya ya tura masa. Kafin la'asar bidiyon ya shiga gurup ɗin danginmu, ina duƙe ina goge gansakuka, Lawali ya ɗora muryarsa a kai: "Jama'a ga matuƙinku! Ga jirginshi, baho biyu da zanen gado. Mai son tahiya Makka ya kawo sunanshi wurin Goggo." Goggon nan Innata yake nufi. A makon nan kuma na ji ƙanin matar da ya bari a gida ya sauka a Paris, yana kwana a kan katifata. Ashe ɗakin yake so, kuma ya san in ya ce mini tashi kai tsaye Inna za ta ji.

Na kira shi. Dariya ya yi ta yi har da tari.

"Na yi maka ƙarya? Iska na ɗaukarshi ko ba ta ɗaukarshi? Kai ne ba ka tambaya ba, Malam injiniya. Wasa ne, bawana. Ko hushi za ka yi da taubashinka?"

Da a kaina abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma bidiyon ya fita daga gurup ya shiga gari. Ƙanwata ta gaya mini cewa a wani suna mata sun kewaye Inna suna tambayarta yaushe za a fara lodin Makka, kuma yara kan bi bayanta a hanyar kasuwa sun buɗe hannuwa suna kukan jirgi. Inna mace ce da ba a biki babu ita, ita ke kama tukunya, ita ke fara guɗa. Sai ta daina fita. Biki ya wuce ba ta je ba, suna ya wuce ta aika a ce ƙafa ke damunta. Da na kira ta, gaisuwa muka yi doguwa, kowa yana kewaye maganar, sannan ta ce, "Sanusi, gaskiya ne abin nan?" Na ce gaskiya ne.

Ta ce, "To. Ai wasa ne. Ɗan kawunka ne, ba a cewa komi."

Muryar da ta faɗi maganar da ita ba ta Inna ba ce. Na tsani Lawali a ranar, tsana ta gaske, kuma ban nemi tsari daga gare ta ba. Na yi wa kaina alkawari sai Inna ta sake fita da kanta a sama, kuma da irin makamin da ya yi amfani da shi zan rama, yadda shi ma ba zai samu bakin kai ƙara ba. Yadda zan yi ne ban sani ba.

Aiki dai ya ci gaba. Ina wanke jiragen, ina like inda suka tsage, ina canza igiyoyi. Malamina ya yarda a lissafa mini shi a matsayin sitaj, bayan Madam Odile ta kira shi ta yi masa dogon bayani a kan gyaran robar jirgi. Da farko raina abin nake yi. Jirgin da ba inji, ba mai, ba ko batir, ai zagi ne ga bakanike. Amma ina ganin masu zuwa. Wani tsoho da ya yi ritaya daga koyarwa, uba da 'ya'yansa, wasu 'yan mata daga unguwarmu ta Vaulx da hijabansu a ƙarƙashin rigar ruwa. Dukansu da tsoro suke hawa, su dawo suna ihu suna neman ƙari. Madam Odile ta ce mini shi ya sa take fara wa sabon shiga da ƙaramin kata, haka suke taƙaita sunan. Mai ƙafa ɗaya kana taka shi zai karkace, wannan kuwa ƙafa biyu gare shi, wato kwalekwalen nan biyu, ka zauna a raga ka miƙe ƙafafu. Ba sai an je tasha ba, mutum biyu sun isa su ja shi daga yashi zuwa ruwa. Igiya a hannu ɗaya, sandar juyawa a ɗaya, shi ke nan. Ka ja igiya ya ruga, ka saki ya lafa.

Ita ce ta lura ba na bari ruwa ya wuce mini idon sawu. Ba ta yi dariya ba. Wata ranar da babu mutane ta ɗaura mini jile, rigar nan mai hana nitsewa, ta shiga da ni ruwa, ta tallabi ƙeyata da tafin hannunta ta ce in kwanta in kalli sama. Na kwanta ina karanto duk addu'ar da na sani. Can na ji muryarta daga nesa, ashe ta daɗe da sakina. Ban taɓa gode wa wani Bature kamar yadda na gode mata ba.

Ranar da na fara riƙe igiya da kaina, iska ta cika yadin, jirgin ya zabura ba ƙara ba hayaƙi, sai sautin ruwa a ƙarƙashin raga. Na ji dariya ta kubce mini. Ban so in so abin nan ba, don ta hanyar wulaƙanci na same shi, amma na so shi. Kafin zafi ya yi nisa ina fita ni kaɗai, har na iya jan igiya yadda ƙafa ɗaya za ta ɗaga sama jirgin ya yi ta gudu a kan ɗayar.

Sai wata rana Madam Odile ta ce lokaci ya yi da zan koyi desale. Na ce mene ne shi? Ta ce kifewa. Duk zamansa daram, kata yana kifewa in iska ta yi ƙarfi ka ƙi sakin igiya, don haka kowane ɗalibi sai an kifar da shi da gangan, ya koyi yadda ake tayar da jirgin. Na tambaye ta me ya haɗa kalmar da kifewa, don ni a sanina desale cire gishiri ne. Ta ce haka ne, kamar yadda ake jiƙa busasshen kifi a ruwa don gishirinsa ya fita, haka suke cewa in mutum ya faɗa ruwa an cire masa gishiri.

Na zauna a kan yashi na yi dariya har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, Madam, wani ɗan'uwana na tuna. Daga ranar ba abin da na naci kamar desale. Na kife, na tayar, na kife, na tayar, har na san daidai inda jirgin ke daina yafiya.

Bayan babbar salla 'yan Nijar mazauna Lyon kan yi taro a bakin tafkin, a gasa nama, a shimfiɗa tabarmi, yara su yi ta guje-guje. Na san Lawali ba ya jin labarin nama da jama'a ya zauna, don haka na roƙi Malam Isufu ya gayyace shi. Dattijon nan tun ranar bidiyo yake jin nauyina. Ya dube ni da kyau, ya ce zai gayyace shi, kuma in ana bukatar mai riƙe salula yana nan.

Lawali ya sauko daga Paris cikin farar shadda mai aiki har ciki, da hula da turare. Kafin a sauke nama ya tara mutane yana ba su labarin yadda ya mayar da ni matuƙi. Ina gefe ina murmushi kamar yadda al'ada ta ce. Da ya ga ana dariya sai ya ƙara wuta.

"Wanga abin wasan yara? Ni da na tuƙa jirgi bisa kogin Isa a Yamai, ruwa na tahiya da shanu? A Marseille ma har Turawa sunka tsaya kallona. Bawana, jawo bahonka in gwada maka yadda aka yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sai dai ka yi darasin farko kamar kowa. Cikakke."

Ya ce, "Cikakke mana! Duk abin da aka yi, a yi mini."

Mutane da yawa sun ji ya faɗa. Na je na gaya wa Madam Odile ina da ɗalibi mai son darasin farko har da desale. Ta dubi shaddar, ta dube ni, ta ce ita za ta bi mu a jirgin inji, kuma ba mai hawa sai da jile. Lawali ya so ya ƙi, wai zai ɓata masa guga. Da hannunta ta ɗaure masa, ta ja maɗaurin sai da ya yi nishi.

Muka tashi. Da farko yana zaune a raga yana ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. Na ja igiya kaɗan, jirgin ya zabura, hannun ya sauko ya kama raga. Na ƙara ja. Ƙafa ɗaya ta rabu da ruwa.

"Sanusi, doucement, sannu sannu."

Tun da na zo ƙasar nan ban ji sunana a bakinsa ba sai ranar. Na ce masa ya riƙe hularsa, ai shi ya ce in ya tashi sai an riƙe hula. Na juyo da mu daidai gaban tabarmin jama'a, ba nisa da gaɓa, na hango Madam Odile a bayanmu da Malam Isufu a tsaye da salula. Iska ta buso. Wurin da ya kamata in saki igiya, na tuna Inna tana cewa ƙafa ke damunta, na ƙara ja.

A hankali kata ke kifewa, yana ba mutum lokacin da zai san abin da ke faruwa da shi. Lawali ya yi salati, ya kira uwarsa, ya kira tawa, sannan ya sulale a kan raga ya faɗa ruwa da duk shaddarsa. Rigar ta kumbura ta kewaye shi, hular ta kama hanyarta. Jile na riƙe da shi, ko haɓarsa ba ta nitse ba, amma ihu yake yi yana dukan ruwa wai kada ya kama masa ƙafa. Na hau kan ƙafar jirgin na zauna ina kallonsa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

"Sanusi, don Allah! Don darajar Goggo!"

Na ce, "Yau ka san tana da daraja? Kama igiyar nan. Jirgin ba ya tashi sai da nauyi, kai kuma Allah ya hore maka."

Haka ya rataya a igiya yana kuka yana ja, miyar gyaɗar Château Rouge ta yi ranarta, jirgin ya miƙe. Na jawo shi sama ta wuyan jile, muka koma gaɓa yana kwance rub da ciki a raga.

Da ƙafarsa ta taɓa yashi sai bakinsa ya dawo. Ya nuna ni da yatsa, ruwa na zuba daga hannun riga. "Kashe ni ya so yi! Ku shaida, da gangan ya yi!" Dariya ta tsaya, dattawa suka juyo suna dubana. Na sunkuyar da kai cikin ladabi.

Na ce, "Haba taubashi. Wasa ne. Ko hushi za ka yi?"

Malam Isufu ya ce, "Taubashinka ne? A'a, to ba a shiga. Kuma kai ka ce cikakke, duk mun ji." Wani ɗalibi ya tambayi sunan wannan darasi, na ce desale. Waɗanda suka san sunan Lawali na gida suka fara faɗuwa a kan tabarmi, waɗanda ba su sani ba aka gaya musu. A ƙarshe ya yi abin da al'ada ta ce, ya yage haƙora, irin dariyar da na sha yi a ɗakinsa.

Na tura bidiyon gurup ban ɗora murya ba, ban ƙara komai ba. A ƙasa na rubuta fassarar kalmar kawai: an cire gishiri.

Washegari ina like wani jirgi da ya tsage sai ga saƙon murya daga Inna. Tun kafin ta yi magana na ji hayaniyar mata a bayanta.

"Sanusi, ka kwana lahiya? Na sa zanena na biki, na tahi gidan kawunka yin jaje. Duk matan unguwa sunka biyo ni. Uwar Lawali ta hwara ɗaure huska, na ce mata haba, ai wasa ne, ba a cewa komi." Ta tsaya, na ji tana ƙoƙarin danne dariya ta kasa. "Amma wanga jirgi naka gudu gare shi hwa. Kai ɗaya ka tuƙa shi haka? To, in Allah ya kai ni can, ka ɗauke ni mu zaga. Sai dai ka riƙe igiyarka da kyau, ni ba ni da gishirin cirewa."

Sai ta rangaɗa guɗa, salula tana ƙara a hannuna.